Jinjina ga Masu Curin Naman Saigon

Kwanon taliyar shinkafa da curin naman sa, wanda mutanen Biyetnam ke kira pho bo vien, ba abincin mai gaggawa ba ne. Matan da ke haɗa shi a gidajensu a birnin Saigon, wato Ho Chi Minh na yanzu, sun cancanci a cire musu hula.

Romon ne farkon wahala. Sai an tafasa ƙashin sa an zubar da ruwan farko, an wanke shi tas, sannan a mayar kan wuta kaɗan-kaɗan na sa'o'i. A babbaka albasa da citta har bayansu ya yi baƙi, a jefa tare da kirfa da kanumfari. Uwargida tana tsaye da ludayi tana kwashe kumfa, don romon ya fito garau.

Amma curin naman ne ya fi burge ni. Ana kirɓa jan nama har ya yi danƙo, da tafarnuwa da masoro da ɗan sitacin rogo da ruwan kifin nan nasu mai gishiri, nuoc mam. Dole naman ya kasance da sanyi ƙarara. In ya ɗumama, aiki ya ɓaci. Sai uwargida ta damƙi kwaɓin, ta matso shi tsakanin babban yatsa da manuni, ta yanke da cokali cikin ruwan zafin da bai kai tafasa ba. Da ya taso sama, sai ruwan ƙanƙara. Shi ke sa in ka ciza ka ji yana turo haƙori.

Lemon tsami da barkono da ganyen ɗoɗɗoya kuwa, a gefe ake ajiye su, kowa ya zuba daidai bakinsa.