Mutum-mutumi da Fentin Mai

Makarantun zane na Ingila da Faransa sun daɗe da wata al'ada. A dā, ba a barin almajiri ya zana fuskar mai rai sai ya ƙware a kan mutum-mutumi, watau kai da kafaɗu na farar ƙasa, yawanci siffar mutanen Girka da Rum na dā. Akan ajiye shi inda haske zai buge shi daga gefe guda. Almajiri ya dama fari da baƙi cikin mai, ya fara shafa inuwa da tsinkakken fenti, sa'an nan ya ɗora haske da mai kauri, gama in ya sa kaurin a ƙasa, zanen yakan tsattsage bayan ya bushe.

Mu dai ba mu raina wannan hanya ba. Kan ba ya motsi, ba ya gajiya, ba shi da launin da zai ruɗi ido, saboda haka almajiri yakan gane inda haske ya ƙare, inuwa ta soma.

Amma akwai aibi. Farar ƙasa ba ta ƙyalli, baƙar fata kuwa tana ƙyalli a goshi da karan hanci, har takan ɗauki shuɗin sama. Wanda bai san wani kai ba sai wancan, ran da ya zana dattijo a kasuwar Jega, Barume zai fitar mana, an shafa masa baƙi.

Irin wannan kwaikwayo ne ɗaliban kwalejin Zariya suka ƙi a 1958, lokacin da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu. Ba su yar da fentin mai ba, sai dai suka ce a ɗauki dabarar Turawa a yi aikin gida da ita. Muna ganin sun yi daidai.

Ƙasarmu ma ba ta rasa kawuna ba. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg kan yumɓu na Jama'a, irin na Nok, wanda ya haura shekara 2,000. Malamin da zai koyar da haske da inuwa, me zai hana ya fara da irinsa? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.