Tafi-da-Gidanka: Darussan da Ba Sa Fitowa a Hoto

A Amurka akwai wani salon rayuwa da ya daɗe, amma a 'yan shekarun nan ya zama abin yayi. Mutum zai sayar da gidansa, ko ya mayar wa mai gida makullinsa, ya rabar da kujeru da gadaje, ya sayi mota mai gado da kicin da banɗaki, ya tare a cikinta dungurungum. Irin motocin nan su ake kira RV a can. Wata tsawonta ya kai na babbar bas, wata tirela ce da ake ɗaura wa a-kori-kura, wata kuwa motar dakon kaya ce da mai ita ya gyara da hannunsa. A 2021, lokacin da korona ta sa jama'a gudun otal da jirgi, masana'antu sun fitar da fiye da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, kuma akasarinsu a yankin Elkhart na jihar Indiana aka ƙera su. Zuwa 2023 adadin ya faɗo kusan rabi. Yawancin masu saye don hutu suke saye, amma waɗanda suka mayar da motar gida su ne suka cika Instagram da YouTube, har hotunansu suka iso wayoyinmu.

Hotunan suna sayar da abu ɗaya ne, wato 'yanci. Ba haya, ba maƙwabci, ba mai ce maka yi ko bari. Ni kuwa, duk lokacin da na saurari waɗanda suka shekara da shekaru a wannan rayuwa, sai in ji darussansu sun yi hannun riga da tallar. Waɗanda suka jure ba su ne suka fi kowa yanke hulɗa da duniya ba. Su ne suka koyi lissafi, suka rage gudu, suka kuma yarda cewa suna buƙatar mutane. Wannan ne ya sa nake girmama rayuwar, kuma wannan ne ya sa nake adawa da yadda ake tallata ta.

Darasin farko daga ruwa yake farawa. Kowace mota tana da tankuna uku: na ruwa mai tsabta, na ruwan wanke-wanke da wanka, da na bayan gida. Na farko yana ƙarewa, sauran biyun suna cika, kuma babu hukumar da za ta zo ta ɗauke maka nauyinsu. Idan lokaci ya yi, mai motar zai tuƙa ta zuwa wurin juye ƙazanta, ya sa safar hannu, ya jona mesa mai kauri da ramin da ke ƙasa. Zai fara buɗe tankin bayan gida, ya jira ya tsiyaye, sannan ya buɗe na ruwan sabulu don ya wanke mesar. Attajirin da ya sayi motar dala dubu ɗari uku da talakan da ke cikin tsohuwar tirela layi ɗaya suke bi a wurin. Wanda ya yi wannan aiki sau da yawa ba ya sake barin famfo a buɗe yana goge baki. Wankansa ma ya sauya: ya jiƙa jiki, ya rufe ruwa, ya shafa sabulu, ya buɗe ya ɗauraye. Haka lamarin yake da wuta. Idan hadari ya rufe rana kwana biyu, farantan sola ba su cika batir ba, sai a zaɓa tsakanin firji da kwamfuta. Kaya ma suna da iyaka, domin kowace mota tana da nauyin da aka ƙayyade mata, kuma wanda ya zarce shi tayarsa ce za ta faɗa masa a tsakiyar titi.

Wannan darasi na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Mutumin da ya san litar ruwa nawa ke isarsa a mako, ya san riga nawa yake sawa da gaske, ya samu wani ilimi da gidan zamani ke ɓoye wa mazauninsa. Wadatar zuci a nan ba wa'azi ba ce, awo ce da ake yi kullum. Da yawa daga cikin waɗanda suka bar hanya suka koma gida sun zaɓi ƙaramin gida, saboda sun riga sun gano cewa rabin abin da suka tara a dā ajiya kawai suke yi masa.

Darasi na biyu, inda tallar ta fi yaudara, shi ne batun kuɗi. Ana cewa rayuwar ta fi haya sauƙi. Tana iya fi, amma da sharuɗɗa masu tsauri. Babbar mota irin ta bas da ƙyar take yin kilomita 4 da lita ɗaya, kuma a watan Yunin 2022 matsakaicin farashin galan ɗin fetur a Amurka ya haura dala 5. Gida yakan ƙara daraja yana zaune, mota kuwa tun ranar da ta bar wurin dillali take zubar da tata. Sannan gida ne da ake girgizawa duk ranar tafiya, kuma an ƙera shi da kaya marasa nauyi, don hutun makonni, ba don zaman shekaru ba. Kusoshi suna kwancewa, famfo yana yoyo, rufi yana tsagewa ta inda ido ba ya gani, ruwan sama ya ruɓar da katako kafin a ankara. Idan motar ta shiga gareji, ba abin hawa kaɗai ya shiga ba, har da ɗakin kwana da kicin, kuma jiran kayan gyara yakan ɗauki makonni. Shi ya sa kusan duk wanda ya daɗe a harkar ya zama rabin bakanike, ɗan famfo, ɗan wuta. Akwai ma sansanonin da ba sa karɓar motar da ta wuce shekara goma da ƙerawa, dokar da ke tace talaka ba tare da an ambaci talauci ba.

Darasi na uku shi ne rage gudu. Sababbin shiga sukan fara da zumuɗi, yau wannan jiha gobe waccan, suna son ganin kwarin Grand Canyon da gandun Yellowstone duk a wata guda. Kafin shekara ta zagayo sun gaji, aljihu ya huje, miji da mata sun fara ƙosawa da juna a cikin ɗakin da bai fi taku kaɗan ba. Tsofaffin hannu suna da wata ƙa'ida da suke gaya wa baƙi: kada ka wuce mil 300 a yini, ka isa masauki kafin ƙarfe 3 na rana, ka kwana aƙalla 3 kafin ka sake tashi. Da yawansu ma sun wuce nan, sun koma bin yanayi. Da hunturu suna hamadar Arizona, idan zafi ya tsananta su haura tsaunuka ko su nufi arewa. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, BLM, tana barin mutum ya yada zango kyauta a yawancin filayenta har kwana 14, sannan ya matsa. A La Posa, kusa da garin Quartzsite, akwai filin dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, kuma an yi shekaru da dama a baya ana biyan dala 180 a matsayin kuɗin izinin waɗannan watanni bakwai. Abin lura shi ne, mutanen da suka fito don kada su zauna wuri ɗaya, yawancinsu sun ƙare da wurare biyu ko uku da suke komawa duk shekara. Rai yana son sanin inda kanti yake, da wane likita zai gani, da wa zai tarar idan ya dawo.

Nan ne muka zo kan darasin da ya fi kowanne nauyi a wurina: babu mai yin wannan rayuwa shi kaɗai. Tun 1919 masu yawo da mota suka kafa ƙungiyar Tin Can Tourists a Tampa ta jihar Florida. A 1978 Joe da Kay Peterson suka kafa Escapees, wadda ofishinta na wasiƙu a Livingston ta jihar Texas ya zama adireshin dubban mutanen da ba sa kwana a garin. Dalilin a bayyane yake. Banki, inshora, lasin tuƙi, rajistar zaɓe, duk suna tambayar inda kake zaune. Shi ya sa matafiyan ke rububin zama 'yan Texas ko Florida ko Dakota ta Kudu a takarda, jihohin da ba sa karɓar harajin kuɗin shiga. Wanda ya ce ya rabu da gida, sai ga shi yana biyan kuɗi duk shekara don a ajiye masa adireshi.

Quartzsite kuwa, garin da mazaunansa na dindindin ba su kai 3,000 ba, a watan Janairu yakan cika ya batse da motoci har cikin daji. A yankin ne wani mazaunin mota mai suna Bob Wells ya fara taron Rubber Tramp Rendezvous, inda ake koya wa baƙi haɗa sola, da neman aikin wucin gadi, da yadda mace za ta tsare kanta idan ita kaɗai ce. Kabarin da ya fi shahara a garin na wani mai raƙuma ne, Hadji Ali, wanda ya zo Amurka a 1856 tare da raƙuman da sojoji suka shigo da su, ya rasu a 1902, aka yi masa hubbare da siffar raƙumi a samansa. Bahaushen da ya san tarihin fatauci ba zai ga baƙon abu a wannan cincirindo ba. Fataken da suka yi safarar goro daga Gwanja ba su taɓa ɗaukar tafiya a matsayin gudun mutane ba. Ayari suke yi, da madugu, da zangon da aka sani, da mai masaukin da ke jiransu. Matafiyan Amurka sun fito neman kaɗaici, hanya ta koya musu abin da fatake suka sani tun da can.

Akwai kuma wata gaskiya da nake ganin rashin adalci ne a binne ta. Jama'a biyu ne a cikin waɗannan motoci. Akwai wanda ya zaɓa, yana da fansho mai kauri ko aikin da yake yi ta intanet, da na'urar intanet ta Starlink a saman rufi. Akwai kuma wanda aka tura. Littafin Nomadland da 'yar jarida Jessica Bruder ta fitar a 2017 ya bi sawun kashi na biyu: dattawan da rikicin tattalin arzikin 2008 ya cinye musu gidaje da ajiya, suna yawo daga aikin gadin sansani zuwa girbin gwozar sukari a Dakota ta Arewa, zuwa rumbunan Amazon a ƙarƙashin shirin CamperForce na wancan lokaci, inda masu furfura ke yini a tsaye. Fim ɗin da Chloé Zhao ta yi daga littafin ya lashe kyautar Oscar a 2021, kuma kyawun hotunansa ya sa wasu suka fito suna sha'awar abin da ya kamata ya tayar musu da hankali. Doka ma ta san bambancin. Sabuwar mota a sansani mai tsada ana kiran mai ita ɗan yawon buɗe ido. Tsohuwar mota a gefen titin birni kuwa takardar tara ake manna mata, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yunin 2024 a shari'ar birnin Grants Pass, birane sun ƙara samun ƙarfin hukunta masu kwana a wuraren jama'a.

Za a ce mini, ai da yawa daga cikin waɗanda aka tura sun ƙare suna son rayuwar. Gaskiya ne. Bob Wells da kansa mutuwar aure da tsadar haya ne suka sa shi shiga mota a Alaska a 1995, kuma daga baya ya zama babban mai kare salon. Ban musa cewa mutum yana iya samun mutunci da abokai da kwanciyar rai a inda tilas ta kai shi ba. Abin yabo ne. Amma yabon na mutumin ne, ba na halin da ya jefa shi ba. Idan dattijuwa mai shekara saba'in ta iya mayar da kwana a mota abin alfahari, wannan shaida ce ta ƙarfin zuciyarta, ba hujja ba ce cewa ƙasarta ta sauke nauyinta.

Saura darasin da ba a son ambata: hanya tana da ƙarshe. Ido yakan raunana, gwiwa ta ƙi hawa matakala, ɗaya daga cikin ma'aurata ya kwanta ciwo. Escapees sun fahimci haka har suka buɗe cibiya a Livingston, inda wanda ba ya iya tuƙi zai ajiye motarsa ya ci gaba da zama a ciki, ana ba shi abinci da kulawa. Amma wanda ya sayar da gida ya zuba kuɗin duka a mota, bayan shekara goma zai tarar motar ta zama kwaraɓaɓɓiya, gidaje kuwa sun yi masa nisa. Masu hankali a cikinsu tun ranar farko suke ware kuɗin komawa, ba sa taɓa shi ko da injin ya buga. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar sauka ma tafiya ce.

Saboda haka matsayina a fili yake. Wanda yake da lafiya, da sana'ar da ke binsa duk inda ya je, da ajiyar da zai koma kanta, da mutanen da za su ɗaga waya idan ya kira, ya tafi, zai dawo da ilimin da ba a samu a zaune. Amma masu ɗaukar hoto su ji tsoron Allah su nuna mesar juye ƙazanta da rasit ɗin gareji kamar yadda suke nuna faɗuwar rana. Mu kuma masu kallo daga nesa, kafin mu yi sha'awar wanda muka gani yana shan shayi a ƙofar motarsa, mu fara tambaya ko yana da inda zai koma idan ya so. Amsar wannan tambaya ce ke raba matafiyi da wanda ya rasa matsuguni.