Shuwaka Ba Ta Son Gata

A filayen noman rani na Bakolori hankali ya fi karkata ga shinkafa da albasa da tumatir, amma mai rainon shuwaka a gefen lambu ko bayan gida ya cancanci a sara masa. Ba a cika shuka irinta ba. Reshe ake yankowa, wanda ya ƙosa ya fara zama itace, a kafa shi a karkace, ido biyu ko uku a cikin ƙasa.

Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya samu ruwan rani, sai dai inda magudana ta cushe ruwa kan kwanta. Ita kuwa shuwaka laima take so, kwantaccen ruwa ajalinta ne. Sabon shiga in ya ga ganye ya yi ruwan ɗorawa ya langaɓe, sai ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ban ruwa, ya ƙarasa ta. Gwani tono gindin yake yi tukuna. In saiwa ta yi baƙi ta yi laushi tana wari, ya san ruɓa ce: ya buɗe wa ruwa hanya, ya yanki lafiyayyen reshe ya kafa a kan kunya mai tudu. Wannan haƙurin dubawa kafin a ɗauki mataki shi ya fi burge ni.

Gara kan bi sabon dashe, musamman inda aka zuba takin da bai ruɓe ba, shi ya sa gwani yake share busassun karare ya barbaɗa toka. Darɓa kuma tururuwa ke tona mata asiri. Da ya ga suna hawa da sauka, sai ya juya bayan ganye, in ya same ta ya daka 'ya'yan dogonyaro ya jiƙa su kwana, ya tace, ya sa ɗan sabulu ya fesa da yamma. Maganin ƙwari na kanti yana kaffa-kaffa da shi, don ganyen nan tukunyar miya za shi, wani ma jiƙa shi zai yi ya sha saboda ciwon ciki.

Sai aski. Shuwakar da aka bari ta miƙe ta yi fure, ganyenta ƙanƙancewa yake yi. Da hunturu ya wuce, gwani kan sare ta daidai gwiwa da wuƙa mai kaifi, ya ba ta ruɓaɓɓen taki da ruwa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni ta tofo da rassa masu faffaɗan ganye.