Doki a Bango, Mai Doki a Waje: Tarken Matsayin Bahaushe a Zaurukan Baje-kolin Zane na Ikko

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba matsayin Bahaushe a wuraren da ake baje kolin zane-zane da sassaƙe-sassaƙe a birnin Ikko, wato Legas, musamman idan aka auna shi da daɗewar da Hausawa suka yi a unguwanni irin su Agege da Idi-Araba da Obalende. Mai karatu yana iya tambayar abin da ya haɗa mujallar adabi da zanen fenti. Amsar ita ce, mai zane ma labari yake bayarwa, sai dai da launi maimakon kalma. Idan kuwa labarin namu ne, to ya cancanci a yi masa tarke kamar yadda ake yi wa waƙa ko ƙagaggen labari.

Agege da Tsibiri

Zaman Hausawa a Agege ba na jiya ba ne. Fataucin goro ne ya kafa shi, jirgin ƙasa kuma ya ƙarfafa shi, domin tun da dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912 tashar Agege ta zama wurin da ake ɗaure huhunan goro a yi Arewa da su. Daga baya cinikin shanu ya bunƙasa, ga mayankar Oko-Oba nan kusa. An yi zango, an gina masallatai da makarantun allo, an naɗa Sarkin Hausawa. A yau akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya, suna jin Yarabanci kamar yadda suke jin Hausa.

Su kuwa fitattun zaurukan zane, mafi yawansu suna can ɓangaren tsibiri da bayansa. Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda Kenneth Murray ya kafa a 1957, yana can. Gidan Didi da Newton Jibunoh ya buɗe a 1983 yana Victoria Island. Katafaren zauren Nike Davies-Okundaye na 2009 yana Lekki. Kasuwar zane ta Art X, wadda aka fara a 2016, ita ma a wancan ɓangare take ci. Mutumin Agege da ke son ya ga abin da aka rataye a waɗannan wurare sai ya ƙetare gada, ya ɓata yini a cunkoson motoci. To amma nisan hanya shi ne ƙaramar matsala. Babbar ita ce abin da zai tarar idan ya isa.

Dokin da Ba Shi da Gari

Duk wanda ya saba zagaya zaurukan zane na Ikko ya san cewa Arewa ba ta ɓace daga bangayensu ba. Tana nan, amma kusan kullum cikin siga biyu: ko dai budurwar Fulani da ƙwaryar nono a ka, ko kuma mahaya dawaki cikin ƙura, a ƙarƙashinsu an rubuta kalma guda, wato Daba. Zanen hawan daba ya zama wani rukuni mai zaman kansa. Ana iya danganta farin jininsa da manyan hawan da aka yi a Kaduna, na zuwan Sarauniyar Ingila a 1956 da kuma na bikin FESTAC a 1977, waɗanda suka cusa wannan hoto a idon 'yan Nijeriya a matsayin fuskar Arewa.

Adalci ne a faɗi cewa da yawa daga cikin masu wannan zane gwanaye ne. Sun iya kama zaburar doki, sun iya haɗa ja da ruwan ɗorawa da shuɗi har mai kallo ya ji kamar ƙurar za ta shiga masa hanci. Wasu sukan ɗora fenti da kauri, su bar shi gurɓi-gurɓi, ta yadda rawuna da alkyabbu za su yi kamar suna kaɗawa. Ta fuskar sarrafa launi babu abin kushewa.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ma'ana. Ga Bahaushe hawa rubutu ne da ake karantawa. Wanda ya taso a Kano, alal misali, ba ya cewa daba kawai ya yi shiru. Ya san Hawan Salla daban, Hawan Daushe daban, inda sarki kan je gaida mahaifiyarsa kafin a dawo Ƙofar Kudu a yi jahi, Hawan Nasarawa kuma daban, inda akan biya ta gidan gwamnati. Ya san cewa rawani mai kunne biyu ba kowa ke naɗa shi ba. Ya san 'yan lifidi da 'yan sulke da 'yan kwalkwali, da gurbin kowannensu a jerin gwano. Ya san wanda ake busa wa kakaki, da wanda ake riƙa wa laima. Daga jalala da likkafa ma yana iya gane nauyin aljihun mai doki. Wato kowane abu a wurin yana faɗin wane ne wane, kuma wa ke gaba da wa.

A mafi yawan zanen da ake ratayewa a Ikko an share wannan rubutu, an bar tawadar kawai. Mahayan ba su da fuska, ba su da sarauta, ba su da gari. Ba a iya cewa wannan Katsina ce ko Zazzau ko Bida. Ba a san ko tafiya ake yi ko dawowa ba. Abin ya yi kama da mawaƙin da ya iya karin murya da amsa-amo, amma ya jera kalmomin harshen da ba ya ji. Kunne zai ji daɗi, mai harshen kuwa zai yi murmushi. Dalilin haka bai wuce na kasuwa ba. Mai sayen zanen yana neman abin da zai ƙawata falon otal ko ofishin banki, kuma doki marar gari ya fi sauƙin shiga kowane falo. Shi kuwa hawa na gaskiya yana ɗauke da mubaya'a da gasa da siyasar masarauta, abubuwan da ba su da daɗin ratayewa kusa da na'urar sanyaya ɗaki.

Ba wai asalin mai zane ne ke hana shi zurfin kallo ba. Marigayi Gani Odutokun, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello har rasuwarsa a hatsarin mota a 1995, ba Bahaushe ba ne, amma zanensa game da sarki da janar-janar ɗinsa zambo ne mai kaifi ga masu riƙe da mulki. Ya zauna cikin mutanen, ya dubi sarauta a matsayin abin tunani. Abin da ya yi ƙaranci ke nan.

Wani abin lura, ko da yake a gefe ne: sau da yawa mutumin da ya fi kowa iya karanta wannan zane a duk harabar yana zaune a bakin ƙofa da rediyonsa, yana buɗe wa motocin baƙi get. Babu mai tambayarsa.

Hujjar Addini

Idan aka tayar da wannan magana, amsar da aka saba bayarwa ita ce Bahaushe Musulmi ne, kuma yana ƙyamar sura. Gaskiya ne malamai sun yi magana mai tsauri game da surar abu mai rai, musamman mutum-mutumi, kuma wannan ya yi tasiri. Amma hujjar ba ta kai inda ake kai ta ba. Kaucewa sura ba ta hana Bahaushe zane ba, sai ma ta karkatar da basirarsa zuwa ga layi da kusurwa da ƙulli. Daga nan aka sami dagi, aka sami aska biyu da aska takwas a ƙirjin babbar riga, aka sami adon da magina ke yi a fuskar soraye, inda a Zariya har keke da agogo da jirgin sama suka shiga. Da aka tashi nuna wa duniya wannan gado a 1976, cikin bikin Duniyar Musulunci, a Landan aka yi, a baje-kolin fasahohin Hausawa da David Heathcote ya tsara. Abin da ya cika zaure a Ingila bai kamata a ce ya rasa bango a Ikko ba.

Baje-kolin da Ba a Kira Shi da Sunansa

Wanda ya shiga Agege da idon basira zai ga cewa baje-koli bai taɓa yankewa ba a unguwar, suna ne kawai ba a ba shi ba. A dubi ranar saukar Alƙur'ani. Allon zayyana, wanda mai zayyana ya ɓata kwanaki yana tsara masa gidaje da launuka kewaye da ayoyi, ana ɗaukarsa a zagaya da shi gidajen dangi da na manya, a kalla, a yaba, a yi kyauta. Akwai mai zane, akwai masu kallo, akwai ranar buɗewa, har da walima. Me ya rage wa wannan cikin sharuɗɗan baje-koli?

A dubi rumfar masu wankin hula, inda ake jera Zanna Bukar da Damanga da sauransu a rana, kowace da irin ɗinkinta. A tsaya a saurari mai saye yana juya hula a hannu, yana ƙirga cikar zare, yana cewa wannan aikin ya zauna, wancan an yi gaggawa, wannan launin ya yi ihu. Wannan tarke ne tsantsa, da ma'aunansa da kalmominsa. Haka nan manyan motocin da ke sauke albasa da tumatir a kasuwar Mile 12, da zakuna da dawisu da dagi a jikinsu, da karin magana a goshinsu. Su ne zaurukan zanen da suka fi kowanne yawan masu kallo a ƙasar nan, domin daga Sakkwato har bakin teku ake ganinsu.

Ba ana cewa duk abin da ke jikin mota ko hula gwaninta ba ne. Akwai na kirki, akwai na jeka-na-yi-ka, kamar dai yadda yake a Lekki. Bambancin shi ne, a can akwai mai rubuta sunan gwani, a nan babu.

Batun Suna

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani kaso na laifin namu ne, mu masu nazarin Hausa. Mun raba fagenmu gida uku, harshe da adabi da al'ada, sa'an nan muka tura zayyana da ɗinki da rini da gini ƙarƙashin sana'o'in gargajiya, inda ɗalibi zai lissafa kayan aiki da matakan aiki, ya ci jarrabawa, ba tare da an taɓa tambayarsa wane aiki ya fi wane kyau ba, ko wa ya yi shi. Mun san salon Narambaɗa, mun san na Shata, muna iya bambance su cikin ɗango guda. Amma mai zayyana nawa za mu iya ambata da suna? A bukukuwan makon Hausa da ɗalibai kan shirya, akan tara ƙwarya da faifai da kwari da baka a kan teburi, babu sunan maƙeri, babu gari, babu shekara, kamar daga sama suka faɗo. Wannan ma share rubutu ne, irin wanda muke zargin mai zanen daba da shi.

Suna kuwa shi ne ke mayar da mai sana'a gwani a idon duniya. Ladi Kwali, Bagwariya, tukwane take ginawa kamar sauran matan garinsu. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara aikinta a fadarsa, Michael Cardew ya gani a can, ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Daga 1958 aka fara nuna aikinta a Landan da sunanta, har ta kai hotonta ya hau takardar naira 20. Haka adiren Yarabawa ya shiga zaure da sunan Nike, alhali shuɗin marinar Ƙofar Mata yana nan a matsayin aikin wasu mutane marasa suna. Ɗaliban da suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, sun yi kira da a haɗa gadon gida da dabarun zamani. Okeke ya koma ga zanen uli na Ibo, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo. Cikin fitattunsu babu Bahaushe, don haka a garin da aka yi kiran, gadon masu garin ne ya rasa mai ɗauka. Abin mamaki kuwa, Zariyar nan ita ce ta riƙe sunan Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'arta a ƙarni na 19. Ashe ambaton gwani da sunansa ba baƙon abu ba ne gare mu, sakaci ne ya shigo daga baya.

Saboda haka ba jiran gayyata daga tsibiri ne mafita ba. Agege tana da fadar Sarkin Hausawa, tana da harabar makarantun Islamiyya, tana da ɗakunan taro. Kowanne daga cikinsu ya isa a yi nunin kwana uku bayan Salla, a rataye alluna goma da huluna ashirin da riguna biyar, a ɗauko hotunan jikin motoci a haɗa. Sharaɗin shi ne a zaɓa, kada a tara kawai, domin idan aka karɓi duk abin da aka kawo an koma kasuwa. Kowane aiki a liƙa masa takarda da boko da ajami, mai ɗauke da sunan mai shi da garinsa da malamin da ya koya masa da shekarar da ya yi aikin. A bar mai aikin ya tsaya kusa da shi ya amsa tambaya, tun da waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sa'an nan a gayyato masu zanen daba daga Yaba da Lekki, a zaunar da su da wani tsohon ɗan lifidi, ya nuna musu inda kowane doki yake tsayawa. Rubuta waɗannan takardu kuwa, da tattara sunayen, aiki ne da ɗaliban sashen Hausa biyu ko uku za su iya gamawa cikin hutun dogon zango guda.