Masu ɗura harsashin libarba da hannu a Amurka

A Amurka akwai masu gasar harbi da ba sa sayen harsashi a kanti. Bayan harbi sukan tara kwanson tagulla su wanke, su sa sabon maƙyasti a gindinsa, su auna albarushi, su dasa darma a baki. Libarba ta dace da wannan aiki, domin ba ta watsar da kwanso a ƙasa. Yana nan cikin gangarta har mai ita ya zazzage shi a tafin hannu.

Al'adar gida biyu ce. Akwai gidan su Elmer Keith na jihar Idaho, wanda ya yi ta ƙara wa harsashi ƙarfi har bindiga ta taɓa tarwatsewa a hannunsa, kuma gwaje-gwajensa ne suka kai ga fitowar .44 Magnum a 1955. Labarinsa ya fi daɗi a hira. Ɗaya gidan na masu harbin takarda ne, irin masu taruwa a Camp Perry ta jihar Ohio, inda ake gasar ƙasa tun 1907. Burinsu harsashi na hamsin ya faɗa inda na farko ya faɗa. Shi ya sa suka riƙe .38 Special da darma mai shafaffen kai, wadda ke huda takarda tsaf, alƙali ya ƙirga maki ba gardama.

Sabon shiga yakan ɗauka harsashi marar ƙarfi irin na masu harbin takarda ba shi da haɗari, alhali nan tarkon yake. An ƙera .38 Special a 1898 don baƙin albarushi mai cin wuri, saboda haka kwansonsa dogo ne. Albarushin zamani mai saurin ƙuna, irin su Bullseye, ɗan mitsitsi ake zubawa, ya kwanta can ƙasa. In hankali ya gushe aka zuba sau biyu, kwanso ba zai cika ba balle ya tona asiri, sai ganga ta fashe a hannun mai harbi. In kuma aka manta ba a zuba ba, maƙyasti kaɗai zai tura darma ta maƙale a bututu, harbi na gaba ya same ta a can.

A nan nake ganin tsofaffin masu harbin takarda sun fi kowa gaskiya. Suna fara almajiri da injin hannu mai yin aiki ɗaya a lokaci ɗaya. Gwangwanin albarushi ɗaya tak a kan teburi. A jera kwanso a faranti, a haska tocila a leƙa kowanne kafin a sa darma. Ma'auni kuwa daga bugaggen littafi ake ɗauka, irin na Lyman, a fara da mafi ƙanƙanta. Ba a ci ba a sha a wurin, kuma a wanke hannu, don darma guba ce.

Injin Dillon mai fitar da ɗaruruwan harsasai a sa'a ɗaya yana da kyau, amma ga ƙwararru. Mai koyo da ya fara da shi ya yi gaggawa.