Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Amsa Game da Littafin Calvino da Kartar Tarot

A zamanmu na ƙungiya da ya wuce na gabatar da ɗan sharhi kan wani littafin ƙagaggun labarai na marubucin Italiya, Italo Calvino, mai suna Il castello dei destini incrociati, wato gidan sarautar da ƙaddarori suka giɓta wa juna, wanda ya fito a 1973. Ban kai ƙarshe ba sai wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce hotunan da ke gefen shafukan kartar tarot ce, wadda Turawa ke duba da ita, don haka littafin bai cancanci zama a gabanmu ba. Har ya nemi a daina kawo irinsa. Lokaci bai ba ni damar amsa masa ba a ranar, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Da farko dai, ruwa ba ya tsami banza. Ɗan'uwan nan yana da madogara. Alƙur'ani ya keɓe sanin gaibu ga Allah shi kaɗai, kuma aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta haramta caca da kiban ƙuri'a na jahiliyya. Hadisi a Sahihu Muslim ya yi gargaɗin cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya soki masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da taurari. 'Yan'uwanmu Kirista kuwa suna da irin wannan hani a babi na 18 na Maimaitawar Shari'a. Ban zo in yi jayayya da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wanda ya baza karta ya ce zai faɗa maka ranar aurenka ko ajalinka, shi da mai zane a faifan yashi sana'arsu ɗaya. Abin tambaya shi ne, shin wannan littafi duba yake yi?

Kafin mu amsa, ya kyautu mu san asalin kartar. Karta ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma galibin masana sun tafi a kan cewa daga Masar ta zamanin Mamlukawa ta fito. Akwai wani tsohon ƙunshinta a gidan tarihi na Topkapi a Istambul, mai ɗauke da kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sandunan wasan folo. Wajen 1440 sai masu mulkin arewacin Italiya suka ƙara mata wasu katunan hoto don wasa ya ƙara armashi. Daga nan aka sami tarot mai kati 78: 56 na yau da kullum, 22 kuwa masu hotuna irin su Sarki da Rana da Wata da Mutuwa. Fiye da shekara 300 ana wasa da ita. Sai a 1781 wani Bafaranshe, Antoine Court de Gébelin, ya ce wai asirin tsoffin malaman Fir'auna ne ke ɓoye a cikinta, alhali a lokacin ba wanda ya iya karanta rubutun Misirawan dauri. A kan wannan ƙage aka gina sana'ar duba da ita. Har yau kuwa a Faransa tarot wasa ne da ake gasa a kansa.

To, me Calvino ya yi da ita? Matafiya ne suka ratsa wani ƙungurmin daji, suka sauka a wani gidan sarauta. Da aka zauna cin abinci sai kowa ya iske bakinsa ya mutu, ba ya iya furta ko kalma. Mai masauki ya ajiye ƙunshin karta a kan tebur. Kowane baƙo sai ya ɗauki katin da ya yi kama da shi, ya riƙa jera wasu a bayansa don ya ba da labarin abin da ya same shi. Mai ba mu labari kuwa kallo yake, yana kintace.

Abubuwa biyu nake so mai karatu ya lura da su. Na farko, ba wanda ya tambayi kartar abin da zai faru gobe. Kowa jiya yake faɗa, abin da ya riga ya sani. Kartar ta zama harshen bebe ke nan. Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan littafin, katunan ba su da yawa, don haka labarai suka riƙa giɓta juna a kan tebur. Jerin da wani ya karanta daga hagu zuwa dama, wani ya karanta shi daga dama zuwa hagu ya fitar da labari dabam. Kati ɗaya ya zama rijiya a bakin wannan, ya zama taska a bakin wancan. A kashi na biyu ma, da kartar Marseille marubucin ya tsamo labarin Hamlet da Macbeth da Sarki Lear.

Ashe ke nan takarda ba ta san kome ba. Ma'ana tana wurin mai kallo. Wannan kuwa shi ne sirrin da ɗan duba ba ya son a tona. Jarinsa duka shi ne ka yarda cewa katin ne ya yi magana, ba shi ba. Wanda ya karanta littafin nan da natsuwa, ya ga yadda hoto ɗaya ke haifar da labari goma, da wuya wani ya ƙara karɓar kuɗinsa da sunan karta ta faɗa. A ganina, littafin ya fi kusa da hujjar ɗan'uwana fiye da yadda yake zato.

Ba ina cewa littafin ba shi da aibu ba. Dabara ta yi masa yawa har ta danne tausayi. Mutanen cikinsa ba su da jini a jika. Ka rufe shi ba ka damu da ko ɗaya ba. In aka gwada shi da Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, inda aku ke jero labarai don ya tsare Musa ɗan sarki daga fita, za a ga can akwai rai da ake tsoron rasawa, nan kuwa lissafi ya fi yawa. Wannan suka ce ta adabi, kuma da ita ɗan'uwana ya zo da na ba shi hannu.

Amma a ce kada a karanta shi don an ga hoton karta, wannan hukunci ne da bango. In muka bi wannan ma'auni, sai mu jingine duk nazarin bori da tsafi da camfi, mu kuma tsallake kowane labari da boka ya fito a ciki. Ɗalibin da bai san yadda yaudara ke aiki ba, shi ne ya fi saurin faɗawa cikinta. Masu duba da tarot kuwa sun cika intanet, suna kai wa ƙannenmu har cikin waya.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya kada ta rufe ƙofa. Ina kuma gayyatar ɗan'uwana ya ari littafin a hannuna, tun da gani ya kori ji. In ya sami shafi ɗaya da aka yi da'awar sanin gaibu aka kuma nemi mai karatu ya gaskata, ya kawo shi zama na gaba, ni kuwa zan miƙe in janye maganata a gaban kowa. Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon bin ta.