Jaridu da Rikicin Gidan Wasa na Astor, 1849

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata hanya da jaridu ke bi su karkata zukatan masu karatu game da wasan kwaikwayo, ba tare da sun shara ƙarya a fili ba. Malaman da ke koyar da sharhi a kwalejojin horon malamai sun saba jan kunnen ɗalibai a kan mai sharhin da ya yaba abin banza ko ya kushe abin kirki. Wannan laifi ne, amma da sauƙi, domin mai karatu yana iya zuwa ya gani da idonsa. Wanda ya fi shi muni shi ne jarida ta musanya tambayar baki ɗaya, a bar maganar yadda aka yi wasa, a koma maganar ko ɗan wasan na su wane ne. Misalin da zan kawo ya faru ne a birnin New York na Amurka, na kuwa zaɓe shi don a nan an ga iyakar abin, har da gawawwaki.

'Yan wasa biyu ne suka yi suna a wasannin Shakespeare a wancan zamani. Ɗaya William Charles Macready, mutumin Ingila, wanda aka haifa a 1793, mai natsuwa a dandali, mai auna magana, ya kan ɗan dakata a tsakiyar jimla don ma'ana ta fito. Ɗayan kuwa Edwin Forrest, mutumin Amurka, an haife shi a 1806, ƙaƙƙarfa, mai murya kamar aradu, abin son ma'aikata da masu sana'ar hannu. Bambancin da ke tsakaninsu na gaske ne, kuma ya isa a yi dogon sharhi a kansa: shin Macbeth jarumi ne da zuciya ta ɗebe shi, ko kuwa mai tunani ne da tunaninsa ya hallaka shi? Wannan ita ce tambayar da ta dace da shafin wasanni.

To, a 1845 Forrest ya yi wasa a Landan, bai sami karɓuwa ba. Jaridar Examiner ta kushe shi, mai sharhinta kuwa, John Forster, aminin Macready ne. Forrest ya ƙulla a ransa cewa Macready ne ya shirya masa wannan. A watan Maris na 1846, Macready yana cikin wasan Hamlet a Edinburgh, sai Forrest ya yi masa huci daga wurin zamansa, irin hucin nan na tsakanin haƙora da Turawa ke yi, wanda a wurinsu ya ke daidai da tsaki a wurinmu. Bai tsaya nan ba, sai ya rubuta wa jaridar Times ta Landan ya ce shi ne, kuma yana da ikon yi. Daga ranar nan faɗan ya bar dandali ya koma takarda. Sa'ad da Macready ya zo Amurka a 1848, Forrest ya buga wata wasiƙa ta zagi a jaridun Philadelphia, Macready ya mayar da martani, jaridun wasu garuruwa suka yi ta kwafa suna ƙara gishiri. Kada a manta, zamanin jaridun kwabo ne: Sun ta fara fitowa a 1833, Herald a 1835, kuma cinikinsu a titi ya ke, ba a hannun masu biyan kuɗin shekara ba. Faɗan da ba ya ƙarewa kuwa haja ce mai kyau ga mai sayar da jarida kullum safiya.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin harshe a nan shi ne laƙabi. An san Forrest da laƙabin da ke nufin "ɗan wasan Amurka", Macready kuwa da wanda ke nufin "ɗan wasa mai daraja". A duba da kyau: ɗaya an jingina shi da ƙasa, ɗaya an jingina shi da matsayi. Ba a yi ƙarya a ko ɗaya ba, Forrest ɗan Amurka ne, Macready kuma yana da daraja. Amma da zarar an jera su biyu kullum, sai mai karatu ya fahimci abin da ba a rubuta ba, watau ƙasa tana gefe guda, masu daraja suna ɗaya gefen. Sifa idan ta liƙe wa suna ta daina zama bayani, ta zama hukunci wanda ba a kawo masa hujja ba, kuma ba wanda zai nemi hujjar, domin ba a gabatar da shi a matsayin ra'ayi ba. Mun san wannan a kirari: wanda aka yi wa kirari, an gama shari'arsa kafin ya buɗe baki. Har wa yau, abokantakar Macready da Charles Dickens ta zama makami, domin littafin da Dickens ya rubuta a 1842 a kan tafiyarsa Amurka ya ɓata wa Amurkawa rai. Mene ne haɗin wannan da yadda mutum ke furta jimla a dandali? Babu. Amma ambatonsa ya isa.

Gidan wasan ma ya shiga cikin laƙabin. An buɗe gidan Astor a 1847 domin attajirai, har ana sa ran mai shiga ya sa safar hannu ta fata. Ranar 7 ga Mayu, 1849, Macready ya fito a Macbeth a wannan gida, Forrest kuma ya fito a Macbeth a gidan Broadway. Magoya bayan Forrest suka sayi tikiti, suka yi ta jifan Macready da ruɓaɓɓen ƙwai da dankali, daga bisani har da kujeru, aka tsai da wasa. Macready ya yi shirin komawa gida. Sai manyan gari 47, cikinsu har da marubuta Washington Irving da Herman Melville, suka sa hannu a wata takarda suna roƙonsa ya sake fitowa, aka kuwa buga ta a jaridu da sunayensu. A ganina wannan bugu ya yi ɓarna daidai da zagin Forrest, ko da ya ke da harshe mai laushi aka rubuta. Jerin sunaye ya tabbatar wa talakan gari abin da aka daɗe ana gaya masa, cewa akwai su, akwai mu.

Daga ɗaya ɓangaren akwai E. Z. C. Judson, wanda aka fi sani da Ned Buntline, mai wata jaridar mako-mako da ke ƙin baƙi, da kuma ɗan siyasa Isaiah Rynders. Aka wayi gari an manna takardu a bangaye ana tambayar ma'aikata ko Amurkawa ne za su mulki birnin ko Ingilishi, ana kiran gidan Astor gidan sarautar Ingila, ana kuma cewa ma'aikatan wani jirgin ruwan Ingila sun yi barazana ga duk wanda ya je ya nuna ƙin Macready. A nan kam an shiga ƙage. Amma ƙagen bai yi aiki ba sai don an shekara uku ana share masa fili da maganganun da kowannensu gaskiya ne.

Daren 10 ga Mayu mutane wajen 10,000 suka kewaye gidan. Aka yi ta jifa da duwatsun daɓen titi, 'yan sanda suka kasa, aka kira soja, soja suka buɗe wuta. Aƙalla mutum 22 suka mutu, fiye da 100 suka ji rauni, da yawansu 'yan kallo ne da masu wucewa. Macready ya ƙarasa wasansa, ya sulale cikin ɓad da kama, bai ƙara taka Amurka ba.

Wani zai ce jaridu ba su ƙirƙiri gabar ba: ƙiyayyar Ingila tana nan, ga baƙi 'yan Ailan da yunwa ta koro, ga tazara tsakanin attajiri da lebura. Haka ne, ban musa ba. Kuma 'yan wasan su da kansu suka kai ƙarar juna jarida, ba a tilasta su ba. Amma gaba wadda ba ta da suna ba ta san inda za ta nufa ba. Jaridu ne suka ba ta fuska biyu, suka gaya mata gida, suka gaya mata rana.

Bayan harbin kuma sai aka ci gaba da wannan aiki, amma yanzu a kan matattu. Wanda ya ke tare da hukuma ya kira taron da kalmar Ingilishi "mob", wadda ke kusa da "ashararai" a wurinmu, ya kira abin da ya faru tarzoma. Wanda ya ke tare da taron ya ce 'yan ƙasa ne, abin da ya faru kuwa kisan gilla. Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa yadda wannan ke aiki ba sai ya je nesa ba, domin Hausa tana da kayan aikin. Ya rubuta a allo: "Soja sun harbe mutum 22." Sa'an nan: "An harbe mutum 22." Sa'an nan: "Mutum 22 sun rasa rayukansu a tarzoma." Duka ukun gaskiya ne. A ta biyu mai harbin ya ɓace cikin "an". A ta uku harbin kansa ya ɓace, har matattun suka koma su ne masu aikatawa, kamar wanda ya yar da kuɗinsa a kasuwa. Ɗalibin da ya iya gane wannan a jimla uku zai gane shi a shafi guda.

Jaridar Public Ledger ta Philadelphia ta lura da cewa abin ya bar wa jama'a wani sabon ji, na gaba tsakanin mai shi da mara shi. Jaridar Courier and Enquirer ta New York kuwa wani darasi dabam ta gani: ta ce saurin kiran soja kyakkyawan talla ne ga masu jari na Turai, su san dukiyarsu tana da tsaro a New York. A watan Satumba na shekarar aka yanke wa Judson ɗaurin shekara ɗaya da tarar dala 250.